Gayyar da Ba Ta Zagayowa

Da wuya ka samu ƙungiya a ƙasar Kazaure ko Babura wadda ba ta saka haɗin kai a sunanta ko a takenta ba. Ta manoman rani ta saka, ta 'yan acaɓa ta saka, ta matasa masu neman ci gaban gari ma haka, sau da yawa har da zanen hannu biyu suna musabaha a jikin allo. Ma'aikatu da kamfanoni su ma ba a bar su a baya ba. Duk ranar taron ma'aikata sai shugaba ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Mu a nan uwa ɗaya uba ɗaya muke." A tafa, a sha lemo, a watse. Kafin damina ta zagayo sai ka ji ma'aji ya daina ɗaga waya, sakatare ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiyar, sauran mambobi kuma kowa ya kama gabansa yana cewa dama shi ya san za a rina.

Masana ilimin gudanarwa sun daɗe da wannan ciwon kai, kuma da hannunsu a ciki. A 1911 wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya fitar da littafin da ake ɗauka a matsayin harsashin wannan fanni. A ciki ya ba da labarin yadda aka tsaya da agogo a kan leburori masu lodin ƙarfe a kamfanin Bethlehem, har mutumin da ke loda tan 12 da rabi a yini ya koma loda tan 47. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada kuwa daga dala 1.15 ya tsaya a 1.85. A ganin Taylor, in ka bar ma'aikata a dunƙule za su haɗa baki su yi nawa, don haka a raba su, a yi ciniki da kowa shi kaɗai. A 1970 Milton Friedman ya ƙara gishiri, ya ce babu wani nauyin al'umma a wuyan kamfani sai ƙara riba, muddin bai karya doka ba. Aka yi shekaru ana koyar da wannan a manyan makarantun kasuwanci. Sai bayan rushewar kamfanin Enron a 2001 aka fara duban juna. A wata muƙala da aka buga a 2005, shekara guda bayan rasuwarsa, Sumantra Ghoshal na makarantar kasuwanci ta Landan ya ɗora wa malamai 'yan'uwansa laifi: in ka yi ta koya wa ɗalibi cewa kowane ɗan Adam macuci ne mai jiran dama, zai fita ya gina ma'aikatar da sai macuci ne zai iya zama a cikinta. Daga nan muryar masu cewa a mayar da zumunci da taimakon juna ginshiƙin gudanarwa ta ƙara ƙarfi.

Kiran yana da daɗin ji. Amma wanda ya tashi a Amaryawa ko Korayel ko Kanya yana da ma'aunin da zai gwada shi da shi, domin ya san gayya, ya kuma san abin da ke riƙe ta da abin da ke kashe ta.

A ce watan Yuli ne, ruwa ya zauna, gero ya fara tasawa, ciyawa kuma tana neman shan kansa. Noman firi ba ya jira. Magidancin da gonarsa ta fi ƙarfin hannun gidansa sai ya ɗauki goro ya je wurin sarkin noma ko sarkin samari, a tsayar da rana. Tun jajibiri mata ke surfe da daka. Da an idar da sallar asuba sai ka ga samari suna ɓullowa ta kowace hanya, fartanya a kafaɗa, wando a naɗe. A kan gona za a jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗi na biye da su a baya da gangar noma, yana kiran kowa da kirarin gidansu, wanda aka ambaci kakansa kuwa sai ka ga ƙura ta tashi a gabansa. Sarkin noma ba ya tsayawa a gindin bishiya yana nuni da yatsa. Kunya yake kamawa kamar kowa, shi ne ma a gaba.

Abin lura yana ƙarshen layi. Ƙarfafan da suka riga kowa fita ba sa zama su yi fifita. Juyowa suke yi su kama kunyar wanda aka bari a baya daga ɗaya bakin, su tarye shi a tsakiya, sannan a ɗauki sabon layi tare. In dattijon mai gona ya sunkuya zai taya, wani zai karɓe fartanyar ya ce, "Haba Baba, koma inuwa, ai yau mun ɗauke maka." Da hantsi yara za su iso da ƙoren fura, ludayi yana yawo daga hannu zuwa hannu. Da azahar ga tuwo, ana ci biyar-biyar ko shida-shida a akushi ɗaya, ɗan mai unguwa da ɗan wanzami hannunsu na karo a cikin miya. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu sai ga ta fes kafin la'asar. Mai gona ya bi su da godiya: "Allah ya bar zumunci, Allah ya kai mu ranar taku."

Wannan addu'ar ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan lamarin. Gayya bashi ce. Ba a rubuta sunan kowa a littafi ba, amma babu wanda bai san wa ya zo ba, wa ya turo ƙanensa, wa ya laɓe a gida. Guminka na yau ajiya ce da za ka tarar ranar da ciyawa ta taso maka. Ba ni gishiri in ba ka manda. Haka haɗin kai yake a ma'aikata. Idan shugaba ya ce a yi haƙuri da jinkirin albashi saboda asusu ya yi ƙasa, a ƙara awa biyu saboda aiki ya taru, gayya ya kira. Ma'aikata za su fito, domin mutanenmu ba su iya ƙin amsa kira ba. Sai dai suna lissafi a zuci. Ranar da matar masinja ta kwanta a asibiti, ko lokacin ƙarin girma ya yi, ko aka samu rarar kuɗi a ƙarshen shekara, ranar tasu gayyar ce ta zo. In suka waiwaya ba su ga kowa a bakin gonarsu ba, an gama. Gobe ko an kira taro an yanka rago, jiki ne kawai zai zo.

Akwai kuma hikima a yadda ake jeruwa. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya buga sakamakon a 1913. Ya gano cewa duk sa'ad da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane ɗaya ke sakawa raguwa yake yi, har in sun kai takwas kowa kusan rabin ƙarfinsa yake bayarwa. A 1965 Mancur Olson ya gina littafi sukutum a kan wannan hali: in amfanin na kowa ne, mai wayo zai noƙe ya bar wasu su yi wahalar. Manomin Gwiwa bai karanta su ba, amma ya san maganin. A gayya aikin na tare ne, kunyar kuwa ta mutum ɗaya ce. Wanda ya yi ha'inci, layinsa zai tona shi a gaban sa'o'insa. Horon ma hawa-hawa ne. Wanda ya ƙi fitowa ba uzuri, karon farko zolaya zai sha a dandali. In ya maimaita a tura masa babba ya yi masa magana a keɓe. In ya zarce, ranar tasa gayyar zai ga daga shi sai ƙannensa, tuwo ya yi kwantai.

Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna raba ruwan ban-ruwa da makiyaya da daji ba tare da sun cinye juna ba, daga Sifen zuwa Japan da Filifin. A littafinta na 1990 ta jero abubuwan da ta tarar sun yi tarayya a kai: an san wa ke ciki wa ke waje, rabon amfani yana bin rabon wahala, waɗanda doka za ta hau kansu da su ake yin ta, masu sa ido daga cikin jama'ar suke ko kuma jama'ar ce ke tuhumarsu, horo yana farawa da sauƙi, sulhu kuma yana kusa ba tsada. Wanda ya san gayya zai karanta jerin nan yana gyaɗa kai. Ƙungiyoyinmu da yawa suna ɗaukar haɗin kai a matsayin kawar da kai: kada a tambayi ma'aji lissafi don kada a ɓata zumunci. Alhali rashin tambayar ne ke ɓata shi. Zumuncin da ke tsoron a buɗe littafin kuɗi a gaban mambobi ya riga ya kamu da ciwo.

Mai karatu zai iya cewa, ai biyan kowa gwargwadon aikinsa ya fi sauƙi, a huta da wannan dogon lissafi. Manoma sun san wannan hanyar ma, ita ce jinga. Ka yi ciniki da ɗan ƙwadago a kan gona kaza kuɗi kaza, ya gama ya karɓa ya tafi. Halal ne, kuma yana da ranarsa. Amma duk wanda ya taɓa ba da jinga ya bar wurin ya san abin da kan biyo baya: a bakin hanya aiki tsaf, can tsakiya kuwa an tura ƙasa an binne ciyawa da ranta, ruwa ɗaya za a yi ta miƙe. Mai jinga ba zai ci daga rumbunka ba, kuma ba ya sa ran ganinka a tasa gonar. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric da ke kusa da Chicago, inda aka yi bincike daga 1924 zuwa 1932, an ga wasu ma'aikata da ake biya gwargwadon abin da aka haɗa, amma suka tsayar wa kansu iyakar da ba mai wucewa, don tsoron kada a rage farashi ko a sallami masu rauni a cikinsu. Ashe ko shugaba ya so ko ya ƙi, ma'aikata za su haɗa kai. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓa: da shi za a haɗa, ko a kansa.

Gayya tana da wani fanni da lissafin ba-ni-in-ba-ka bai kai gare shi ba. Akwai gonar da ake nomewa ba a jiran ramuwa: ta wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina, ta marayu, ta tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa. Ba mai kai goro, ba mai dafa tuwo, samari ne za su biya da sassafe su gama su wuce. Kowa ya san ciwo ba ya sallama, wanda ya noma wa mara lafiya yau kansa ya yi wa tanadi. Addini ma ya ƙarfafa wannan. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Kwamitin zakka na masarautar Kazaure, da ke tattara hatsi da kuɗi daga masu hali yana raba wa mabuƙata a gundumomin hakimai, misali ne na yadda ake ɗaukar irin wannan hali a yi masa tsari da rajista ba tare da ya rasa ruhinsa ba.

A duniyar masana'antu, misalin da aka fi kawowa shi ne Mondragon a yankin Bask na ƙasar Sifen, gungun kamfanoni mallakar ma'aikatansu, wanda ya faro a 1956 da jagorancin wani limamin coci, José María Arizmendiarrieta. A can an ƙayyade cewa albashin babba ba zai ninka na ƙarami ba sai 'yan ninki kaɗan, wato dai akushi ɗaya ake ci. Da kamfaninsu na kayan lantarkin gida, Fagor, ya durƙushe a 2013, sauran kamfanonin gungun suka buɗe ƙofa suka karɓi mafi yawan mambobin da suka rasa aiki. An nome gonar mara lafiya ke nan.

To amma ba kowace gayya ce abin yabo ba, kuma dattawanmu sun fi kowa sani. Akwai gayyar da ake kira a gonar mai sarauta ko mai dukiya, inda ganga ta fi ko'ina zaƙi, nama ya fi ko'ina yawa, amma ba a taɓa ganin mai gonar ko ɗansa sun sunkuya a gonar talaka ba. A zamanin En'e irin wannan ta kan rikiɗe ta zama tilas, kuma aikin tilas na cikin abubuwan da 'yan NEPU suka yi ta kuka da su bayan kafa jam'iyyar a Kano a 1950. Siffarta siffar gayya, cikinta kuwa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita ce ta fi yawa a ma'aikatun yau. Makarantar kuɗi da ke ce wa malamanta aikin lada suke yi alhali mai makarantar yana ƙara bene. Ofishin da ke riƙe ma'aikatan wucin gadi shekara da shekaru da alƙawarin za a duba. Ƙungiyar da mambobi ke zuba kuɗin wata-wata amma shugabanni kaɗai ke zuwa taron bita a Dutse ko Abuja. Duk inda ka ji kalmar 'yan'uwantaka ta fi fitowa daga bakin wanda ya fi kowa cin amfanin wurin, tambayi yaushe aka yi gayya ta ƙarshe a gonar mai gadi.

Haɗari na biyu yana bakin iyaka. Gayya ta 'yan gari ce, baƙon da ya zo ci-rani sai dai ya yi ƙwadago. Ko a Mondragon, ma'aikatan rassan Fagor na Faransa da Foland ba mambobi ba ne, don haka rumfar da ta rufe 'yan gida ba ta kai kansu ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya nuna cewa asabiyya, wato haɗin kan dangi, ita ce ke kafa daula, amma mun san yadda takan koma ɓangaranci. A ma'aikata, haɗin kan da ya tsaya a 'yan garinmu ko 'yan ɗarikarmu ko 'yan jam'iyyarmu shi ke haifar da ɗaukar ɗan'uwa aikin da bai iya ba, da rufa wa ɓarawo asiri don namu ne. Shugaba na gari kullum yana faɗaɗa layin, yana sa wanda aka turo daga wata jiha da mace ɗaya tilo a sashe su samu kunyarsu a cikin jerin, su kuma samu ranarsu.

Wannan ma'auni yana bayyana dalilin mutuwar ƙungiyoyin gama-kai da yawa a yankinmu. Tun dokar 1935, wadda aka tsara bisa rahoton wani jami'in mulkin mallaka, C. F. Strickland, da salon da aka kwafo daga Indiya, ƙungiyar gama-kai a Najeriya ta taso tana kallon ofishin rajista fiye da yadda take kallon mambobinta. Shirin Fadama na Bankin Duniya, tun daga shekarun 1990, ta hannun ƙungiyoyi ya riƙa ba da tallafi. Shirin bashin manoma da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 shi ma ya nemi manoma su shiga rukuni-rukuni. Niyyar mai kyau ce, kuma inda aka tarar da mutanen da dama can suna aiki tare, an ga amfani. Amma a wurare da yawa sai aka kwana aka tashi da ƙungiyoyin da ba abin da ya haɗa mambobinsu sai fom da hoton fasfo. An zo cin tuwon gayya ba a kama kunya ba. Da lokacin biyan bashi ya yi sai aka nemi jama'a aka rasa, domin ba wanda ke jin nauyin wani. Wanda zai kafa ƙungiya a gefen dam ɗin Kazaure ko a fadamun Roni gara ya fara da mutum goma da suka taɓa gyara hanyar ruwa tare, ko suka haɗa kuɗin man injin ban-ruwa suka yi lissafi ba a yi faɗa ba, sannan a nemi rajista.

Gaskiya ne gayya ta ja baya. Maganin feshi ya rage noman hannu, garmar shanu da tarakta sun karɓi huɗa, samari sun tafi Kano da Abuja da Legas neman kuɗi, tuwon mutum talatin kuma yanzu ya fi kuɗin 'yan ƙwadago tsada. Ba wanda zai ce a mayar da hannun agogo baya. Émile Durkheim ya yi bayani tun 1893 cewa al'umma takan tashi daga haɗin kan masu kama da juna zuwa haɗin kan masu buƙatar juna saboda sana'arsu ta bambanta. Asibiti haka yake: likita ba zai iya aikin mai gwajin jini ba, su biyun kuma in mai shara da mai kula da janareta suka ajiye aiki, tiyata ta tsaya. Ko a gonar ma ai ba kowa ke riƙe da fartanya ba, da makaɗi da masu daka da yaran da ke jigilar ruwa aka gama aikin. Abin da ya kamata a ɗauko shi ne ƙa'idojin: layi ya zagayo kan kowa, aikin kowa ya fito fili, babba ya kama tasa kunyar, a tarye wanda ya gaza, a yi horo da sannu.

A nan ne nauyi ya hau kan masu ilimi. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, Babura kuma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Ɗaliban gudanarwa suna haddace ƙa'idoji 14 na Henri Fayol na 1916, waɗanda na ƙarshensu ma haɗin kan ma'aikata ne, su rubuta a jarrabawa su manta. Zai fi amfani malami ya tura su tashar mota su gano yadda direbobi ke bin layin lodi da abin da ake yi wa wanda motarsa ta lalace, ko wurin mata masu adashi su ga yadda uwar adashi ke sauya kwasa in wata ta shiga matsi, ko ƙauyukan da har yanzu ake gayya su tambayi dalilin da ta rayu a nan ta mutu a can. Su auna, su rubuta, su kwatanta da abin da Ostrom ta gani a wasu ƙasashe. Dattawan da suka riƙe sarautar noma suna nan da ransu a Roni da Gwiwa da Babura, kuma sun san dalla-dalla yadda ake tara mutum arba'in a sa su aiki ba albashi ba takardar gargaɗi. Ya kamata a je a zauna da su da biro da takarda tun suna iya ba da labari.